Ranar da Baba Ya Saki Giwayensa

Zuwa ga ƙanina abin ƙaunata, Autanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu da 'yar jaririyar da har yau a waya kawai muke ganin kumatunta. Allah Ya raya mana ita, Ya ba ka kwanciyar hankali a wurin aikinka, Ya sauƙaƙa maka sanyin ƙasar can da kake ta kuka da shi kamar kai kaɗai aka taɓa yi wa sanyi. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayansa har ya koma aiki. 'Yan biyu sun shiga aji huɗu, sun yi tsawo, sun kuma ƙara baki. Goggo tana nan yadda ka san ta, kullum da sabon maganin da wata maƙwabciya ta ba ta labari. Ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina da lissafinsu, wanda ke shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Na san za ka yi mamaki, ka ce Yaya da muke waya kusan kullum me ya haɗa ta da biro da takarda. To, dalili biyu ne. Na farko, a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, da na fara sai ka sako barkwanci mu ɓuge da dariya, in ajiye waya ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Na biyun kuwa sai ka kai ƙasan takardar za ka gan shi, kuma kada ka kuskura ka leƙa tun yanzu, na san halinka. Abokin aikinka da ya zo hutu ya yi alkawarin damƙa maka ita hannu da hannu ranar Alhamis. Maganar Baba ce, da wasan yaƙin nan naku na kwamfuta, da dalilin da ya sa yau mako biyar ke nan bai zauna ya buga da kai ba.

Ka tambaye ni sau uku, sau ukun kuma na ce maka gajiya ce ko intanet ne ba ƙarfi. Ka yafe mini, ba gaskiya na faɗa maka ba. Jikin Baba da sauƙi sosai, har likitar da ke gasa masa hannun da ya shanye ta ce riƙe linzamin kwamfutar nan ya yi wa yatsunsa amfani fiye da ƙwallon robar da ta ba shi. Ciwon da ke damunsa yanzu a zuciya yake, kuma kai ka jawo shi, ni kuma na tona.

Bari in tuna maka farkon abin, don ka san girman abin da ake shirin rasawa. Ka san Baba ba mutumin hira ba ne. Shekara talatin da huɗu yana bayan sitiyarin tirela, ya saba da shiru fiye da mutane. Mama ce bakinsa, Allah Ya jiƙanta. Bayan rasuwarta, in ka kira shi, daga lafiya lau sai Allah Ya yi albarka, shi ke nan an gama. Sai da ka zo hutu ka bar masa tsohuwar kwamfutarka, ka koya masa wasan nan da kowa ke zaɓar jama'arsa, ya gina gari, ya yi noma, ya tara runduna, sannan a gwabza. Ka nuna masa cewa kowace jama'a tana da irin sojan da babu mai shi sai ita. Kai ka ɗauki Mutanen Dutse masu dogon mashi, shi kuma yana ganin giwayen Mutanen Kurmi ya ce ya samu nasa, wai su ne tirelolin wasan. Tun daga nan kowace Asabar da yamma, lokacin da gari ya waye muku a can, sai ya shiga ɗakin da keken ɗinkin Mama yake, ya maƙala abin ji a kunne. Ina kicin ina jiyo shi yana ba ka labarin hanyoyin da ya bi tun kafin a haife mu, yana tambayarka ko kana cin abinci, yana yi maka faɗa a kan mota. A cikin awa biyun nan yakan faɗi abin da ba ya faɗa a mako guda. Kullum kai ke cinye shi, kullum sai ya fito yana mita yana murmushi, wai yaron nan ba shi da ta ido.

Da ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya same shi bara, ya dawo daga asibiti, sai kawai ya fara cin ka. Mako ɗaya, mako biyu, har mako goma sha ɗaya. Wallahi Auta, in ka ga yadda yake fitowa daga ɗakin yana jan ƙafa yana ƙwala mini kira sai ka ce kyauta aka yi masa. Har abokinsa Bakanike ya kira ya shaida masa cewa da hannu ɗaya da rabi yake koya wa ɗansa hankali. Ni kuma da karambanina, rannan ina goge teburin sai na ga wasan yana ajiye duk yaƙin da aka yi, ana iya sake kallo. Na ce bari in kunna masa ya ji daɗi ya ga nasararsa. Ban san cewa a sake kallon ana yaye duhun nan da ke rufe ɓangaren abokin gaba ba. Sai ga garinka a fili. Sai ga masu mashinka, na ƙirga sun haura sittin, tsaye bayan tsauni ba su da aikin yi, kai kuma kana tsakuro biyar biyar kana aiko wa giwayen Baba su tattake. Har ƙofar garinka ka buɗe masa da hannunka.

Ya gyara tabarau ya matso da kujera. Ya ce in kunna na makon da ya wuce, na kunna. Ya ce na bayansa. Haka muka bi su duka goma sha ɗayan, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka gama ya cire tabarau, ya ce mini Goggo tana yi masa magana a hankali kamar kurma, ni ina yanka masa nama ƙanana, Baban yara yana riga shi ɗaukar buta, duk ya haƙura saboda ya san ƙauna ce. Amma ya ɗauka akwai wuri ɗaya da ya rage inda ake kallonsa a matsayin namiji mai ƙarfinsa, ashe can ma an daɗe da sa shi a layin marasa lafiya. Ya ɗauko zanen da Mama ke rufe kekenta da shi ya lulluɓe kwamfutar. Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye maka ba.

Na san abin da za ka ce, tausayi ne, kuma na yarda. Da ni ce a wurinka, ina jin muryarsa tana rawa daga nesa, wataƙila abin da zan yi ke nan. Ba na jin haushinka ko kaɗan, ɗan ƙanina. Sai dai makonni biyun da suka biyo baya sun ba ni tsoro. Ya rage cin abinci, ya daina motsa yatsun, Asabar ta zo ya zauna a baranda yana kallon titi har rana ta faɗi. In ka kira, ka ji da kunnenka, ya koma lafiya lau da Allah Ya yi albarka.

Ranar Lahadi ta uku na gaji. Na shiga ɗakin na yaye zanen, na ɗauko kwamfutar makarantarmu na ajiye a gefen keken ɗinki, na ce masa ni zan kara da shi, kuma ya sani ni malamar lissafi ce, ban taɓa ƙara wa ɗalibi maki don tausayi ba. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ko gona ban iya shukawa a wasan ba. Na ce ya koya mini. Ka san Baba da son koyarwa, nan take ya gyara zama. Kwana uku yana nuna mini, ni kuma in na dawo daga makaranta sai in kalli tsofaffin wasanninku na kafin ciwon in ga yadda kake yi. Na ɗauki Mutanen Dutsenka. A kwana na huɗu na ci shi. Na sake ci, na kuma ci, sau takwas a jere, ba sani ba sabo. Ya yi fushi har ya ce ni ba 'yar goyo ba ce. Amma a ranar ya cinye abincinsa tas ya nemi ƙari.

A nan ne na gano abin da kai ma na tabbata ka daɗe da ganowa ka yi shiru. Baba ba don hannu yake faɗuwa ba, tun yana da lafiya haka yake yi. Ya raɗa wa kowace giwa sunan wata motar da ya taɓa tuƙawa: Jar Mota, Sabon Gari Ya Waye, 'Yar Lele, da babbarsu Mai Haƙuri, wadda Mama ta sa wa motar suna. Sai ya kashe dukiyar garinsa kaf ya samar da su, ya fito da su a jere gwanin sha'awa. Da zarar mashi ɗaya ya taɓa guda, jan layin nan na rauni ya bayyana a kanta, sai ya juyo da ita gida a yi mata magani. Ita kuwa giwa kafin ta juya an sha shayi an wanke kofi, kuma bayanta ne ba shi da sulke. Tana juyawa masu mashina su sossoke ta, ta firgita, ta tattake maharban Baba da ke bayanta. Haka zai yi ta kai da kawo har rundunar ta ƙare ba ta ko ga ganuwata ba.

Na faɗa masa. Ya ɗaure fuska ya ce shekara talatin da huɗu bai taɓa mayar wa mai mota motarsa da ƙwarzane ba, ba kuma a kan tsufansa zai fara jefa dukiya a wuta yana kallo ba. Dariya ta kusa kuɓuce mini, tausayi kuma ya kama ni, don na san har ransa yake faɗa. Sai na tuna abin da yake gaya mana muna yara, lokacin da yake ɗora mu a gaban mota, kai kana wasa da ƙahon har ya buge maka hannu. Na ce masa ba shi ne yake cewa direban da ya ɗauko lodi tun a saman gangara yake zaɓar giyar motarsa ba, wanda kuma ya tsorata a tsakiya ya danne birki shi ne ake zuwa kwasowa? Na ce giwayensa a tsakiyar gangara yake taka musu birki kullum.

Na zaci na ɓata masa rai. Can sai ya ce in miƙo masa takarda da fensir. Auta, da ka ga mahaifinka a yammacin nan! Ya koma direban da muka sani. Ya zana hanya, ya zana ayari, yana magana shi kaɗai yana gogewa. Ya ce ashe laifinsa ne, ya mai da motocin lodi kayan ado. Kuma ya umarce ni in rubuta maka duk abin da ya tsara, kada in rage komai, wai don kada gobe ka ce mamayarka aka yi. To ga shi, ka buɗe ido.

Ya daina gaggawar fito da giwa tun gari bai yi ƙarfi ba. Gonaki tukuna, da 'yan maharba masu tsare gida, saboda ya ce ba a sayen tirela alhali ba a da kuɗin mai. Ba ya ƙara fita da ɗaya ko biyu, sai sun cika bakwai, kuma sai maƙera sun gama musu sulke. Kafin su motsa yana tura mahayi ɗaya ya dubo hanya, kamar yadda yake tsayar da direban da ya fito daga inda za shi ya tambaye shi labarin gaba. Gada da tsakanin bishiyoyi ya haramta musu, ya ce babbar mota ba ta shiga lungun da ba za ta iya fita ba, fili yake nema ko da zagaye ne. Maharbansa yanzu ba sa tsayawa daf da bayan giwayen, suna gefe da gefe, aikinsu ɗaya ne, su kakkaɓe masu mashi kafin su iso. Masu maganin da a da yake ajiyewa a gida su ma sun bi ayari, ya ce bakanike a hanya ake tafiya da shi. Na ƙarshe kuma shi ne mai wuyar a gare shi: in ya ba da umarnin shiga, ya cire hannunsa daga maganar komawa.

Wannan na ƙarshen sai da ya sha kashi sau uku kafin ya iya. Ina kallon hannunsa, da jan layin ya fito sai yatsan ya tafi da kansa. Ranar Talatar da ta wuce, bayan na dawo daga makaranta, muka zauna. Na tara masu mashi hamsin da biyar, na rantse maka ban bar ko ɗaya a bayan tsauni ba. Na tsare gada ina jiransa, ashe ya zagaye ta fili. Kafin in juyo da rundunata maharbansa sun rage mini kusan rabi, sai ga giwaye bakwai sun taso. Na zuba sauran mutanena duka a kan ta gaba, wadda ita ce Mai Haƙuri, da gangan, don na san nan ne lagonsa. Layinta ya yi ja, ya ragu, ya kusa ƙarewa. Na saci kallonsa. Gumi ya keto masa, ya ɗaga hannun daga kan linzamin gaba ɗaya ya ɗora a cinyarsa ya danne da ɗayan. Mai Haƙuri ta kai ƙofar garina, ta doke ta sau biyu, ƙofar ta faɗi, ita ma ta faɗi a wurin. Jar Mota da 'Yar Lele suka bi ta. Huɗun da suka rage suka shige ta ƙofar suka yi mini raga-raga da gari.

Ban san lokacin da na yi ihu ba, har Goggo ta shigo da gudu tana salati ta zaci faɗuwa ya yi. Shi kuwa bai yi murna nan take ba. Ya ce in kunna masa sake kallon. Na kunna, ya matso da fuskarsa, ya duba bayan tsaunina, ya duba cikin garina lungu lungu, ya ga babu soja ko ɗaya da na ɓoye. Sannan ya jingina da kujera ya saki wata irin dariya da rabona da jin ta tun Mama tana raye. Da ya tsagaita ya nuna inda Mai Haƙuri ta kwanta, ya ce a hankali ta kai lodinta. Ya share ido da bakin hannun riga, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a cikin jakata.

Tun ranar mun buga sau biyar, ya ci uku na ci biyu, kuma duk wanda aka gama sai ya duba bayan tsauni. Amma ni ba kai ba ce, Auta. Da ni yana wasa ne kawai, ba ya ba ni labarin hanyoyi. Jiya na same shi yana goge abin jin nan na kunne, wanda ba ya bukatarsa in da ni yake bugawa tunda ga ni a gefensa. Ba zai kira ka ba, ka san shi, kai ma kuma kunya ta hana ka tambayarsa kai tsaye. Ku biyun nan halinku ɗaya, ni ce dai Allah Ya ɗora wa wahalarku.

Abin da nake roƙonka ke nan, don girman Allah. Kada ka kira shi ka ba shi haƙuri, dogon bayani zai ƙara kunyata shi ne. Ranar Asabar ka shiga wasan a lokacin da kuka saba, ka aiko masa da gayyata, ka fito da duk abin da kake da shi. In ka ci shi, ka ci shi da kyau, zai yi mita ya ci abinci ya kwana da shirin ramuwa. In shi ya ci ka, to ka sani da guminsa ya ci. Zai duba bayan tsauni bayan an gama, ka tabbata bai samu kowa a can ba. In ya sake samun ko mutum biyar, ina tsoron zanen nan zai koma kan kwamfutar, kuma ban san ko zan iya sake yaye shi ba.

Ka gaishe mini da amaryarmu da kyau, ka ce mata na gode da hotunan, ta ƙara haƙuri da kai. Ka sumbaci jaririyar a goshi, ka ce mata babbar goggonta tana ɗokin ɗaukarta. Baban yara yana gaishe ka, ya ce shi yana bayan Baba. 'Yan biyu sun rabu, ɗaya naka ɗaya na kakansu. Goggo ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Bakanike ma ya ce a gaishe ka, kuma wai zai zo kallo da kujerarsa. Allah Ya tsare mana ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Dalili na biyu kuwa ga shi. Da na gaya wa Baba zan rubuto maka, ya ce in bar masa wuri a ƙasa. Rabonsa da riƙe biro da hannun dama tun kafin asibiti. Na ce in rubuta masa, ya harare ni. Layin da za ka gani a ƙasan sunana ya ɗauke shi kusan minti ashirin, ya ɓata takarda biyu kafin wannan, kuma ban taɓa masa hannu ba.

Taka har kullum,
Yayarka, Malama

Auta, Asabar. Ka fito da su duka sittin ɗin. Babanka.